Sai Kin Ga Ruwa

Sana'armu ɗiban yashi ce. Wata tara a shekara kwarin da muke aiki a cikinsa a bushe yake ƙayau, faɗinsa ya fi filin ƙwallo biyu, tipa tana gangarawa har tsakiya, leburori su loda mata da shebur ta fito. Ruwan da ke cika shi kuwa ba namu ba ne. A kan tsauni ake yin sa, can bayan dutse na biyu inda ido ba ya kaiwa, mu muna nan ƙasa rana tana gasa mana ƙeya. Daga tasowarsa zuwa isowarsa wurinmu minti arba'in ne, wani lokacin ma bai kai ba. Tipa mai lodi tana buƙatar minti goma sha biyar kafin ta haye gangaren fita. Wannan ko sabon lebura ya haddace shi kafin ya iya riƙe shebur.

Ni ake kira Ciyaman, don ni nake cewa a shiga, ni nake cewa a fita. Ƙanena Auta direba ne, tipa mai shuɗin kai ita ce tasa. Gemunsa ya fi nawa, 'ya'yansa uku, amma har ya bar duniya ba wanda ya kira shi da wani suna sai Auta. Eh, ya bar duniya. Na faɗa tun yanzu don kada wani ya zauna yana jiran in ce ya tsira.

Mu uku Inna ta haifa, babbarmu ita ce Yaya. Aure ya kai ta kan tsaunin, kuma bayan gidanta yana kallon daidai inda ƙoramu uku suke haɗuwa su zama ruwan da ke sauko mana. Auta ne ya fara ganin amfanin wannan. Ya saya mata waya, ya koya mata kira, ya koya mata danna saƙon murya tunda rubutu ba ya yi mata daɗi, sannan ya kafa doka: in damina ta kama, kowace awa Yaya za ta kira ni ta ce akwai ko babu. In awa ta cika ba ta kira ba, kowa ya fita, ba tambaya. Shekara shida muka yi a haka, ko shebur ruwa bai ci mana ba. Masu yashi na wasu wurare suna asarar motoci, mu muna ta hura hanci.

Matsalar ɗaya ce, Yaya akwai surutu. Kai! Mace ce da ba ta iya cewa "babu ruwa" ta yi shiru ba. Sai ta gaishe ka, ta gaida matarka, ta tambayi tarin 'yarka, ta ba ka labarin akuyarta da ta haifi uku, da maƙwabciyar da ta ari tukunya ta dawo da ita a lotse, sai can ƙarshe ta ce, "Af, na manta, gari garau yake." Sau takwas a yini fa. Direbobi har sun sa mata suna Rediyon Sama, in wayata ta yi ƙara sai wani ya ce a yi shiru za a karanta labarai.

Ranar da na yi abin da na yi, ina tsaye ne da wani ɗan kwangila mai ƙaton tumbi da ke son mu riƙa kai masa yashi wurin gini. Muna cikin magana waya ta yi ƙara. Na ɗaga, yatsana ya taɓa lasifika, sai ga muryar Yaya ta cika wurin tana tambayata ko basir ɗina ya lafa, wai ta samo mini wata saiwa mai kyau. Ɗan kwangila ya dafe tumbi yana dariya, direbobi suka kwashe har da masu buga ƙafa. Raina ya ɓaci, na koma gefe.

"Yaya, don girman Allah ki bar ni in yi aiki. Ni ba yaro ba ne. Kada ki sake kira na sai kin ga ruwa da idonki."

"Ko hadari ya haɗu?"

"Hadarin da kullum yake haɗuwa ya watse? Na ce sai kin ga ruwa."

Ta yi shiru, abin da ban taɓa jin ta yi ba. Can ta ce, "To, Ciyaman." Ɗan Inna take ce mini tun ina goye a bayanta, ba ta taɓa kira na Ciyaman ba sai ranar.

Da Auta ya lura waya ta daina ƙara, ya tambaye ni. Na ce masa Yaya ce ta gaji, ta ce daga yanzu sai in akwai ruwa za ta kira. Ƙarya na shirga masa, ina kallon tsakiyar idonsa.

Ya ɓata fuska. "Wato shiru ya zama lafiya ke nan?"

"To da me zai zama?"

Ya ce wannan tsari bai kwanta masa ba, zai yi mata magana ranar da ya hau kai mata siminti. Ranar ba ta zo ba.

Kwana tara muka yi cikin shiru, ni kuwa har daɗi nake ji. A rana ta goma, da misalin ƙarfe uku, tipa huɗu ne ke aiki a kwarin. Rana ƙwal, ko ɗigon gajimare babu a kanmu. Ina zaune a rumfar mai shayi a bakin gaɓa, wayata a kan benci, sabis cike. Uku suka yi lodi suka fito, saura sawu ɗaya na Auta, shi kuma can tsakiya yake lodi don yashin ya fi laushi. Kafin ya sake shiga ya tsaya gabana yana shinshina iska.

"Ciyaman, iskar nan da ɗan sanyi-sanyi. Kira Yaya mana mu ji."

Wallahi na kalli wayar. Amma in na kira, ni na sauko ke nan, kuma sai na sha labarin akuya. Na ce, "Da akwai da ta kira. Shiga ka fito, ɗan kwangilan nan yana jira."

Ya ɗaga kafaɗa, ya hau mota ya gangara.

Ƙarar muka fara ji, kamar tipa ashirin sun taso a jere. Mai shayi ya miƙe da buta a hannu yana cewa, "Mene ne wannan?" Ni na sani. Ruwa ne. Daga kwanar sama ya ɓullo, jawur, tsayinsa ya fi mutum, yana turo itatuwa da kwanon rufi da wata saniya da ƙafafunta ke sama. Na yi ihu har muryata ta tsage. Leburori suka watsar da shebur suka yi ta kansu, kuma dukkansu sun haye, don gudun mutum ya isa. Auta ma da ya ruga da ya haye. Amma ya koma cikin motar. Shekara goma sha ɗaya yana tuƙa ta mutane kafin ya samu tasa, ba zai iya barin ta ba.

Ta tashi kuwa. Ta yi gaba kamar taku talatin da rabin lodi, sai tayoyin baya suka kafe a yashi mai laushin nan. Na ga ya fito ta taga ya hau kan motar, yana ɗaga mini hannu, bakinsa yana motsi ban ji me yake cewa ba. Ruwan ya daki gefenta, ta karkata a hankali, ta kife. Duka abin bai kai minti biyu ba.

Bayan nan ne hadarin ya iso mana. Gari ya yi duhu da rana tsaka, iska ta yaye rumfar mai shayi, ta kwashe rufin rabin unguwa, ta karya turakun wuta, tsawa kuwa sai ka ce a cikin ƙirjinka ake yi. Gadar da ke hawa tsauni ta rufta. Mutane suna ta neman 'ya'yansu da dabbobinsu, ni ina bin gaɓa cikin ruwa ina kiran Auta kamar zai amsa. Washegari da hantsi aka same shi a wata gonar masara can ƙasa da nisa. Tipar kuwa kan ta kawai ya leƙo daga cikin yashi, shuɗin fentin yana nan.

Tun kafin mu dawo daga binne shi magana ta gama gari: Yaya ba ta kira ba. Direbobi suka ce Rediyon Sama da ke kira don akuya ta haihu, ranar da ake buƙatarta ta yi barci. Matar Auta, wadda har yau Amarya muke ce mata, ta ce ba za ta yafe ba duniya da lahira. Inna kuma in aka ambaci Yaya sai ta juya fuska bango. Ni kuwa ina zaune a tsakiyarsu ina karɓar gaisuwa, ana dafa kafaɗata ana cewa, "Sannu Ciyaman, kai a gabanka aka yi." Ban faɗa wa kowa abin da na ce wa Yaya ba. Ba na jin akwai matsoraci irina a garin nan.

A kwana na uku da azahar Yaya ta iso. Da ƙafa ta sauko, ta zagaye gadar ta bi hanyar makiyaya, kwana ta yi a hanya. Ƙafafunta sun kumbura sun tsattsage, zanenta duk laka. Ta yi sallama a ƙofar tsakar gida, mata sun fi ashirin a zaune, waɗanda suka amsa ba su kai uku ba. Ta durƙusa gaban Inna ta gaishe ta, Inna ta amsa da ka. Ba wanda ya matsa mata tabarma, sai ta zauna a ƙasa kusa da randa.

Da na zo gaishe ta ta ɗago ta dube ni. Na jira ta faɗa. Wallahi na so ta faɗa, ta tona ni a gaban kowa in huta. Sai kawai ta ciro wayarta daga ƙugu ta miƙo mini.

"Sa mini caji, ta mutu tun ranar. Ina so in gaya wa maigidan na iso."

Ɗakina ne kaɗai ke da batirin sola a gidan. Na shiga na jona ta, na tsaya har ta ɗan ɗauka, na kunna mata. Ban kai ga ajiye ta ba sai na ji wayata tana kaɗawa a aljihu, sau huɗu a jere. Na ciro. Saƙon murya huɗu ne daga Yaya. Tun ranar suke maƙale a wayarta don babu sabis a sama, sai yanzu da ta samu na ƙasa ta sako su. Na rufe ƙofa, na kara a kunne.

Na farko, ƙarfe uku da minti goma. Ana jin ruwa yana dukan kwano.

"Ɗan Inna... Ciyaman. Tun awa guda hadari ya haɗu, baƙi ƙirin, ban taɓa ganin irinsa ba. Sau uku ina ɗaukar waya ina ajiyewa, don ka ce kada in kira sai na ga ruwa. To ga shi na gani. Na kira ba ta shiga, aradu ta faɗa wa ƙarfen sabis. Ku fita. Don Allah ku fita."

Na biyu tana gudu ne, tana haki, za ta hau wani dutse da wani lokaci akan samu sabis a kansa. "Ku fita, ruwa ya taho, ya fi na kullum. Ka ce wa Auta ya bar motar, na san halinsa, ya bar motar!" Na uku iska ce kawai da kukan awaki, da muryar mijinta daga nesa yana cewa rufi ya tafi. Na huɗu gajere ne. Kuka take yi, ta ce, "Allah ya sa ka ji shirun nan ya yi yawa."

Awa guda. Awa guda cur tana da sabis, tana riƙe da waya, tana tsoron ƙanenta. A awa guda da tipa huɗu sun fita sun sake shiga sun fita.

Wayoyin biyu suna hannuna, tawa da tata. In na goge a nan na goge a can, shi ke nan, Yaya ba za ta taɓa buɗe baki ba, na san ta. Ba zan yi wa kaina ado ba, na daɗe a tsaye yatsana yana kan wurin gogewa. Sai na jiyo muryar Amarya daga tsakar gida, ba da ihu ba, a hankali, wanda ya fi ihu ciwo.

"Kira ɗaya, Yaya. Shi ya saya miki wayar. Kira ɗaya kawai."

Yaya ta ce, "Ki yi haƙuri."

Na fito. Amma ko a nan sai da na yi wayo irin na matsorata. Na ce a raina saƙo na biyu ya isa, zai wanke ta ba tare da ya shafa mini ba. Na durƙusa gaban Inna, na ce saƙonni ne suka shigo yanzu, na buɗe lasifika na danna na biyun. Muryar Yaya ta cika tsakar gida tana haki tana cewa Auta ya bar motar. Mata suka ɗauki salati. Amarya ta toshe baki da gyale. Wata tsohuwa ta jawo tabarma ta tura wa Yaya.

Na ɗauka an gama. Inna kuwa ba a yi mata haka, ita ta haife mu. Ta juyo ta dubi Yaya a karon farko.

"Na ji kin yi ƙoƙari da ruwa ya zo. To ruwa yana zuwa ne ba hadari? Ke da ko gajimare ya gifta sai kin kira. Me ya hana ki kira tun yana haɗuwa?"

Yaya ta sunkuyar da kai tana kallon ƙafafunta.

"Da ke nake."

"Kuskure ne, Inna."

Za ta ɗauka ke nan. A gabana, da ƙafafun nan nata, za ta ɗauki gawar Auta ta ɗora a kanta ta hau da ita tsauni, don kada a ce ɗan Inna ne. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, na danna na farkon.

Da ya ƙare ba wanda ya yi salati. Kaza ce kawai ke tono a gindin randa.

Inna ta ce, "Kai ka ce mata haka?"

"Ni ne."

"Ka kuma ce wa Auta ita ta gaji. A nan ya zauna ya gaya mini, yana mamaki."

"Haka na ce masa."

"Saboda me?"

Na nemi wani dalili mai nauyi, ban samu ba. Na ce, "Surutu, Inna. Ana yi mini dariya."

"Dariya," in ji Inna. Ta maimaita sau ɗaya, kamar tana ɗanɗana kalmar. Sannan ta ce wa matata ta ɗora ruwan zafi a gasa wa Yaya ƙafa. Ba ta zage ni ba, ba ta ɗaga mini hannu ba, ba ta kuma sake duban inda nake ba har yamma. Amarya ta tashi ta shige ɗaki da 'ya'yanta ta ja ƙofa. Yaya ta kwana biyu ta koma. A bakin mijinta na ji daga baya cewa ɗakinsu biyu sun rushe, awakinta bakwai ruwa ya tafi da su, har da mai 'yan ukun. Ita ba ta faɗa wa kowa ba.

An gyara gada, an kafa sabon ƙarfen sabis, an haƙo tipar Auta an sayar wa masu gwangwan. Wani ne Ciyaman yanzu, ni na ce a ba shi, ba wanda ya roƙe ni in zauna. Ya sa mutum biyu a kan tsauni, ya kuma dawo da dokar Auta, in awa ta cika shiru kowa ya fita. Ni shebur na koma riƙewa, rabin abin da na samu yana zuwa ɗakin Amarya ta hannun matata, don daga hannuna ba ta karɓa. Inna tana amsa gaisuwata. Iyakarta ke nan.

Kullum in na tashi daga aiki sai na kira Yaya. Ba ta taɓa ƙin ɗagawa ba, ƙara ɗaya take ɗauka. Na ba ta haƙuri ya fi a ƙirga, ta ce ita ba ta riƙe ni da komai ba, kuma na yarda, don Yaya ba ta iya ƙarya ba. Amma ni ba yafiyar nake nema ba yanzu. So nake ta tambaye ni tarin 'yata, ta ce an ari tukunyarta, ta tona mini asirin basir a gaban duk direbobin duniya su yi ta dariya har su faɗi.

Yau wata bakwai ke nan ba a ga ko gajimare ba, kwarin ya bushe har yana tsagewa. Ɗazu na zauna a kan shebur ɗina na kira ta. Na ji an ce mijinta ya sayo mata akuya, na ce yau da wannan zan fara.

"Yaya, ina wuni. An ce kin yi sabuwar akuya, wace iri ce?"

"Babu ruwa, Ciyaman," ta ce, ta kashe.